Malanville: Abin da ke sa tallan bidiyonka ya kwana a shagon mai tacewa

Daga wakilinmu a Malanville

Idan mai karatu bai manta ba, an rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, kuma ko da ƙungiyar CEDEAO ta janye takunkuminta a watan Fabrairun 2024, hukumomin Yamai sun bar nasu ɓangaren a rufe. Mai sayen da ya saba tsallakowa ya duba albasa ko shinkafa da idonsa, sai ya koma neman a ɗauko masa kayan a waya. Daga nan ne 'yan kasuwa da dama suka san hanyar shagunan matasan nan masu tace bidiyon biki da suna, abin da mutanenmu ke kira montaj, domin a haɗa musu talla mai murya da lambar waya.

Sai dai kuma kusan duk wanda ya kai aiki yana dawowa da kuka iri ɗaya: an ce masa gobe, goben ta zama jibi. Ni kaina na ɗanɗana, domin a gidan rediyonmu mukan haɗa wa mai talla gajeren bidiyo. Wani dillalin atamfa ya kawo mana nasa ana saura kwana huɗu ƙaramar Sallah, kwamfutar ta riƙa tsayawa tana tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima. Ya zarge mu da raini, mu kuma muka ɗora laifin a kan tsufan na'urar. Da muka bincika, rabin matsalar a cikin aljihunsa take.

Wayarsa sabuwa ce, kuma ya saita ta a kan 4K saboda an ce masa ya fi kyau. Hoton 4K faɗinsa ɗigo 3840 ne, tsayinsa 2160, wato ninki huɗu na 1080. A lissafin da ke cikin saitin iPhone, minti ɗaya na 4K mai hoto 30 a daƙiƙa yana cin megabayit 170, na 1080 kuwa 60 kacal. Amma girman ba shi ne babban nauyin ba. Domin wuri ya isa, waya ba ta ajiye kowane hoto cikakke. Takan ajiye ɗaya cikakke, a kan na bayansa kuma ta rubuta abin da ya canza kawai. Idan kallo ake yi daga farko zuwa ƙarshe, babu damuwa. Mai tacewa kuwa tsalle yake yi gaba da baya, kuma duk inda ya ɗora hannu dole kwamfuta ta koma ga cikakken hoton ta sake gina na wurin. Tsarin matsewa na H.265, wanda ya fito a 2013, ya fi na H.264 wahalar kwancewa, kuma sai a 2015 ne injunan Intel suka zo da cikakken sashen da ke kwance shi kai-tsaye. Kwamfutar gwanjon da ta girmi wannan shekara da ƙarfin tuwo take yin aikin.

Maganin ba ya buƙatar ko dala. Manhajojin Premiere Pro da DaVinci Resolve suna iya yin ƙaramin kwafi mara nauyi na kowane bidiyo, a yi yanka da jeri a kansa, sai lokacin fitar da aiki su koma ga na asali. Ana sa shi da dare, a wayi gari ya gama. Akwai kuma wata cuta ta bidiyon waya, inda adadin hotuna a daƙiƙa ke hawa da sauka, har baki ya riga murya ko murya ta riga baki. Manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, tana daidaita shi kafin a fara aiki. Ga ɗan kasuwa kuwa, tallan da a WhatsApp za a kalle shi 1080 ya ishe shi har da saura.

Sauran nauyin na shago ne. Wasu suna aiki kai-tsaye daga filas ko katin memori ta tsohuwar kafar USB 2.0, wadda da ƙyar take wuce megabayit 35 a daƙiƙa, alhali rumbun SSD na ciki yana kai wa 500. Rumbun ma idan ya cika maƙil, yawanci da tarkacen wucin-gadi da manhajar ke tarawa, aiki na ja. Sannan ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka da zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a nan bakin kogi. Injin da ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone.

Abin da ya fi duk waɗannan ciwo shi ne ɓatan kaya, kuma a nan ne nake ganin matasanmu ba su da uzuri. Fayil ɗin aiki ba ya ɗauke da bidiyo ko ɗaya, adireshi kawai yake riƙewa. Kamar littafin mai sito ne da aka rubuta cewa buhu hamsin na Alhaji suna ɗaki na biyu. Idan yaro ya kwashe su zuwa ɗaki na uku bai faɗa ba, littafin bai yi ƙarya ba, amma ba zai kai ka ga buhu ba. Haka idan aka matsar da bidiyo, ko aka canza masa suna, ko aka zare filas ɗin da yake ciki, Premiere sai ta nuno jan allo da rubutu cikin harsuna daban-daban cewa ba ta ga kayan ba. In suna nan a wani wuri, akan nuna mata ɗaya ta nemo sauran. In kuwa mai filas ya karɓi abinsa ya goge, shi ke nan.

Bugu da ƙari, wasu kyamarori sukan sake ƙirga daga 00000 duk lokacin da aka wanke kati. Wanda ya zuba na biki biyu a folda ɗaya, ko dai sabo ya hau kan tsoho, ko amaryar wani ta ɓullo a faifan wani. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowane aiki da foldarsa, sunanta ya fara da shekara da wata da rana, sannan sunan mai aiki. A cikinta a ware wurin bidiyo, na murya da kiɗa, na hotuna, da na abin da aka kammala. A kwashe komai zuwa ciki kafin a buɗe manhaja, a kuma yi kwafi na biyu a wani rumbun, saboda ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu takan lalata fayil.

Shi ma mai kai aiki yana da nasa. Bidiyon da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba an riga an matse shi, ingancinsa ya ragu, kuma babu mai dawo da shi. A tura shi a matsayin takarda, hanyar da tun 2022 take ɗaukar har gigabayit 2, ko a je da wayar a kwashe da kebul. Kada kuma a goge na waya sai an karɓi aiki a hannu.

Tallan dillalin atamfar nan dai ya fita ranar jajibiri da la'asar, bayan mun kwana muna yin ƙananan kwafi. Da ya dawo gabanin babbar Sallah, wayar tasa a kan 1080 take, kuma a zama ɗaya aka gama.