Tsohuwar kyanwa mai yawan amai: yadda ake gano sankarar tumbi

A Ƙafin Maiyaki da garuruwan Tudun Wada da Doguwa, kyanwa ma'aikaciya ce. Ita ke gadin rumbu da shagon masara kada ɓera ya yi ɓarna. Amma idan ta tsufa ta fara amai tana ramewa, sai ka ji an ce ai ɓeran da ya sha guba ta ci, ko kuma tsufa ne kawai. Wani lokacin haka ne. Sai dai guba takan nuna kanta cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Aman da ya yi makonni yana tafiya yana dawowa, wannan wata magana ce daban.

Sankarar tumbi ba ta da yawa a kyanwa, kuma an fi ganinta a tsofaffi, masu shekara 10 ko kusa da haka. Nau'in da ya fi yawa shi ne limfoma, wato sankarar fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, waɗanda ke taruwa a bangon tumbi har ya yi kauri. Alamunta su ne amai, ƙin cin abinci, rama, da kashi baƙi kamar kwalta. Baƙin nan jini ne da ya zuba a tumbi, ya narke kafin ya fito.

To, matsalar ita ce ciwon ƙoda da tsutsar ciki da kumburin hanji duk suna kawo amai da rama. Shi ya sa likitan dabbobi ba ya fara da neman sankara. Zai lalubi ciki da hannu, ya duba kashi, ya ɗebi jini don auna ƙoda da hanta da ƙarancin jini. Gwajin jinin ba ya nuna sankarar, rage waɗanda ake zargi kawai yake yi.

Daga nan sai sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Lafiyayyen bangon tumbi yana fitowa da layi biyar, fari da baƙi a jere. Limfoma takan goge layukan, bangon ya koma baƙi mai kauri. Ko hakan ma zato ne mai ƙarfi, ba hukunci ba. Hukunci sai an zuƙo ƙwayoyi da siririyar allura, ko an gutsuro tsoka ta bututu mai kyamara ko ta tiyata, an duba a madubin likita. Can ne ake gane ko ƙwayoyin ƙanana ne, masu tafiyar hawainiya da kan ji magani har kyanwa ta ƙara shekara 2 ko fiye, ko kuwa manya, waɗanda lissafinsu galibi na watanni ne. Kuma a tumbi manyan sun fi yawa.

Irin wannan bincike sai babban wuri, kamar asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kuma gaskiya akwai kashe kuɗi. Kafin ku je, don Allah kada a sayo maganin kemis. Farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Firedinisolon kuma yakan motse limfoma na ɗan lokaci, sai a zo gwaji a kasa ganinta. Abin da zai taimaki likita shi ne ku riƙe ranar da aman ya fara, sau nawa a mako, sannan ku ɗauki hotonsa da waya.