Ɗumama Ƙari Tare da Gashi: Dabarar da ke Taimakon Mai Ciwon Dajin da Ya Dawo

Matar da aka cire wa mama saboda ciwon daji, aka yi mata gashin radiyeshan a ƙirji, tana iya yin shekaru lafiya lau, sai wata rana ƙananan ƙulluwa su ɓullo a kan tabon tiyatar. Nan likita ke shiga tsaka mai wuya. Fata da haƙarƙari da huhu suna da iyakar radiyeshan da za su iya ɗauka, kuma gashin farko ya riga ya cinye mafi yawan wannan kason. In aka maimaita shi cikakke, naman wurin na iya mutuwa ya zama gyambo. In aka rage, ba lalle ya kashe ƙarin ba. A wannan gaɓar ne wasu asibitocin Holan, Jamus, Suwizalan da Amurka ke haɗa ɗan gashin da jiki zai iya jurewa da ɗumama wurin, kuma a ganina hujjarsu ta fi ƙarfin a yi watsi da ita.

Zafin da ake magana ba na ƙuna ba ne. Ana ɗaga zafin ƙarin zuwa digiri 40 har 43 na tsawon kamar awa ɗaya, dab da lokacin gashin. Akan yi haka da na'urar maikurowef da ake ɗorawa a kan jakar ruwa don kare fata, ko da fitilar infared, ana bin zafin da ma'aunai a kan fata, wani lokaci har cikin naman. Radiyeshan na aiki ne ta hanyar yayyanka DNA ta ƙwayoyin cutar, su kuwa suna da sinadaran da ke ɗinke ɓarnar. Zafi na gurgunta waɗannan sinadarai, sai ɓarnar ta tabbata. Ban da haka, tsakiyar ƙari yakan yi ƙarancin jini da iskar oksijin, kuma ƙwayoyin da ke can su ne suka fi taurin kai ga radiyeshan. Ɗumi na buɗe jijiyoyi, jini ya kwararo da oksijin. Sai dai ƙwayoyin kan saba da zafi na kwana biyu ko uku bayan kowane zama, shi ya sa ake yin sa sau ɗaya ko biyu a mako.

An gwada, an kuma ƙirga. A 1995 Jens Overgaard na Denmak da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan melanoma, wani mugun dajin fata: bayan shekara biyu, kashi 46 cikin ɗari na ƙarin da aka haɗa wa zafi bai dawo ba, alhali na gashi kaɗai kashi 28 ne. A 1996 aka tattara gwaje-gwaje biyar na Turai da Kanada kan dajin mama, inda ƙari ya ɓace ɗungurungum a kashi 59 da haɗin, a kashi 41 ba tare da shi ba. Binciken Jami'ar Duke na 2005 ya fi nuna inda amfanin yake: cikin waɗanda aka taɓa yi wa gashi a baya, ƙari ya ɓace a kashi 68 da zafi, a kashi 23 kacal babu shi.

Mai shakka zai tuna da babban gwajin Amurka da aka wallafa a 1991, wanda bai ga wani bambancin a zo a gani ba, kashi 32 da kashi 30. Gaskiya ne, kuma ya sanyaya gwiwar likitoci na tsawon shekaru. Amma da aka duba da kyau, an ga na'urorin lokacin ba su iya ɗumama manyan ƙari yadda ya kamata ba, su kuwa waɗanda ba su kai santimita 3 ba sun nuna alamar amfana. Har yau zafin waɗannan na'urori ba ya wuce zurfin santimita 3 zuwa 4. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne zafin da bai isa wurin ba, ko wanda ba a auna ba, aikin banza ne.

Suka ta biyu ta fi nauyi: waɗannan bincike ba su nuna an ƙara tsawon rai ba, domin da yawa daga majinyatan cutar ta riga ta bazu zuwa wasu sassan jiki. Ba za a ɓoye wa majinyaci wannan ba. To amma duk wanda ya san gyambon daji a ƙirji, da zubar jini da raɗaɗi da warin da ke sa mace ta ƙaurace wa mutane, ba zai raina rufewarsa ba. Illar da aka fi gani ita ce 'yar ƙuna ko bororo, musamman a kan tabon da ba ya jin zafi, kuma yawanci yana warkewa.

A ƙasar Hausa akwai abin tsoro guda: kada wani ya ji wannan ya ɗauka lalas ko sakiya ko gasa kumburi da ruwan zafi sun samu shaida. Ƙarfe mai zafi ƙona fata yake yi ya buɗe ƙofar ƙwayoyin cuta, ya kuma cinye watannin da ya kamata a je asibiti. Ɗumi shi kaɗai, ko na asibiti ne, tasirinsa ba ya daɗewa sai da radiyeshan. Don haka cibiyoyi irin na Zariya da Sakkwato, da ta Yamai da ta fara gashi a 2021, buƙatarsu ta farko ita ce injin gashi mai aiki kullum da masana kimiyyar da ke auna shi, domin su ne kuma za su riƙe ma'aunin zafi duk ranar da na'urar ɗumamawa ta iso.