Zafin da Ke Cin Amfani Tun Yana Fure

Tun da aka amince da masarar TELA, wadda aka yi wa gyaran ƙwayoyin gado, a Najeriya a 2024, da zarar masana sun ambaci ƙwayoyin gado sai wasu su ce an cusa wa shuka baƙon abu. Ya kamata su leƙa binciken da ake yi a kan kanola, shukar nan mai fure ruwan ɗorawa da ake tatsar man girki daga irinta a Kanada, Turai da Sin.

Kanola 'yar sanyi ce. Wani bincike a Kanada ya nuna cewa idan zafi ya haura digiri 29.5 a lokacin fure, yabanya na raguwa. Da yawa suna zaton ganye kawai zafi ke ƙonawa, in an ba da ruwa shi ke nan. Ina! Gona na iya zama kore shar alhali ƙurar furen ta lalace, furen ya kakkaɓe, kwanson da ya fito ma rabinsa fanko. A 2021 zafi da fari sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kanolar Kanada.

Shukar kuwa tana da nata tanadin, wato wani dangin ƙwayoyin gado da ake kira HSF. Aikinsu irin na mai kiran gayya ne: ba shi ke riƙe fartanya ba, amma sai ya zagaya majiya ƙarfi ke fitowa. Zafi na bugawa, furotin ɗin HSF za su haɗu uku-uku, su manne a jikin DNA, su tada wasu ƙwayoyin gadon da ke ƙera furotin masu hana sauran lalacewa. An ƙirga irin waɗannan guda 64 a kanola. Yawan nasu ya samo asali ne daga barbarar da ta auku tsakanin dangin kabeji biyu kimanin shekaru 7,500 da suka wuce, shukar ta riƙe gadon iyayen duka.

Babu wanda ya dasa wa kanola waɗannan ƙwayoyin gadon. Masana na neman gano waɗanne ne ke farkawa a cikin fure, don a zaɓi irin da ya fi juriya. Wannan bayanin bai fi ƙarfin jami'an gona ba, sai dai sun fi son taron ƙaddamarwa. Matsalar kuwa ba ta kanola kaɗai ba ce: manomin alkama a Kano da Jigawa da iri ya iso masa a makare ya riga ya san abin da zafin Maris ke yi wa zangarniya.