Babi na Tara: Jar Akuya da Kasuwar Kan Iyaka

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Daura ran kasuwar Mai'aduwa ya ga manyan motoci shaƙe da shanu, ƙahoni cirko-cirko, yaran mota na zaune a kan katako, ana ta kwararawa kudu. Sau da yawa nakan ji masu kallo na cewa ai Nijeriya ce ke fitar da dabbobi ƙasashen waje. Wace ƙasar waje? Kaso mai tsoka na shanun nan daga Nijar suka shigo, daga ƙasar Damagaram, Matamai da Magarya, suka ƙetaro ta Kwangwalam ko ta burtalolin daji. Inda za su kuwa Legas ne da Ibadan da Anacha da Fatakwal. Nijar ke fitarwa, mu ke ci. Shi ya sa dillalin Mai'aduwa kan fara tambayar canjin sefa kafin ya tambayi lafiyar gida. In naira ta faɗi, mai shanu daga Nijar ya ga babu riba, sai kara ta yi fayau. An ga wani abu makamancin haka lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024.

Zancen shanu ba sai na ja shi ba, kowa ya san su. Akwai Bunaji farare, da Rahaji jajaye masu dogon ƙaho, da Bokolo na ƙasar Sakkwato masu gajeren ƙaho da tarin nama, da Azawak na Buzaye. Mai kiwon turke a Sandamu ko Zango ko Baure yakan sayi ramammen sa, ya ba shi maganin tsutsa, ya ɗaure shi wata uku ko huɗu a kan harawa da dusa da kanwa, ya sayar gab da salla. Sana'a ce mai kyau, ba ta kuma raina kowa: marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, da aka bayyana kadarorinsa a 2015, har da shanu 270 a ciki. Sai dai turke ƙiba yake sa wa dabba, ba ya gyara iri.

Ni dai a wurina sarauniyar dabbobin ƙasar Hausa ita ce jar akuya, wadda muke kira ta Sakkwato, 'yan'uwanmu na Nijar kuma su ce ta Maraɗi. Yi lissafi da kanka. Saniya wata tara take da ciki, kuma a hannun makiyayi karsana kan kai shekara huɗu kafin haihuwar fari. Akuya wata biyar ne cikinta, tana shekara guda da 'yan watanni ta haihu, in ta samu kula ta haihu sau uku cikin shekara biyu, tagwaye kuma ba abin mamaki ba ne a wurinta. Da rani, sa'ad da saniya ke kwance sai an ɗaga ta, akuya na gindin gawo tana tsintar 'ya'yansa. Ita ce asusun matan karkara. Kuɗin magani, kayan ɗakin ɗiya, takin damina, duk daga wuyanta ake kwance su.

Sannan ga fata, kuma a nan ne raina ke ɓaci. A Turai akwai wata lallausar fata mai tsada da ake yi wa manyan littattafai bango da ita, ana ce mata fatar Maroko. Tambayi ɗan boko, zai ce maka daga Maroko take, tunda ga sunan. To, da yawa daga cikin mafi kyawunta fatar jar akuyarmu ce. Majeman Kano da Sakkwato suka jeme ta da bagaruwa, aka rina, fatake suka ɗora wa raƙuma suka ratsa hamada da ita zuwa biranen Arewacin Afirka. Daga tasoshin jiragen ruwan can Turawa suka saye ta, suka laƙaba mata sunan inda suka gan ta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Ban ce mutanen Fas ta Maroko ba su iya jima ba, sun iya ƙwarai. Amma akuyar da ta ba da fatar a Gobir da Katsina da Daura ta ci ciyawa. Har gobe, abin da ke barin Nijeriya da gaske daga jikin dabbobinmu ya tafi Italiya da Sifen shi ne fatun awaki da tumaki da ake jemewa a masana'antun Kano, irin na Challawa da Sharaɗa. Fatar saniya kuwa mun babbake ta mun cinye a matsayin ganda. Mahaucin da ke fiɗa da gaggawa ya huda fata da wuƙa, ko ya shanya ta a ƙasa cikin rana, bai san kuɗin waje yake zubarwa ba.

Yadda gado ke bin jini ilimi ne mai zurfi, masana a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, sun daɗe a kansa. Mu taƙaita da abin da Bahaushe ya riga ya faɗa: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bunsuru ɗaya na iya zama uban 'ya'yan awakin unguwa guda, don haka shi ne rabin garke. Amma me muke yi? Bunsurun da ya fi girma da sheƙi shi ake fara kaiwa kasuwa ko a yanka, domin shi ke da kuɗi. Wanda ya rage shi ne tsumburarren da dillali ya ƙi tayawa, shi zai yi ta barbarar uwarsa da ƙannensa a juji. Bayan shekara goma sai a ce awakin yanzu sun ƙanƙance, wai zamani ne ya lalace. Zamani bai taɓa zaɓar wa kowa bunsuru ba.

Daga nan sai a ruga neman irin waje. Yanzu yayin awakin Afirka ta Kudu ake, Boer da Kalahari, ana saye da kuɗin da zai sayi sa. Suna da nama, ba musu. Amma cimarsu da maganinsu sun fi ƙarfin matar da ke da akuya uku a bayan ɗaki, kuma in aka yi ta gauraya jini ba tsari, za a wayi gari babu na waje babu na gida. Nijar ta gane haka da wuri: tun farkon shekarun 1960 ta buɗe cibiya a Maraɗi don tace irin jar akuya da raba zaɓaɓɓun bunsuraye ga ƙauyuka.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin mai unguwa ba. A ware bunsurun da uwarsa ke haifar tagwaye kuma take da nono, ja sosai, mai faɗin ƙirji, a hana sayar da shi. Sauran a dandaƙe su tun suna ƙanana su zama taure, naman ma ya fi daɗi, babu ƙarni. Kafin 'ya'yansa su isa barbara a yi musayarsa da wani ƙauye don kada ya hau su. A yi allurar rigakafin annobar nan ta majina da zawo kafin ta shigo. Ranar da mai taya ya zo ya nuna wannan bunsurun, ko nawa ya taya, a ce masa albarka.