Tsohon Faifai a Gaban Dubban 'Yan Kallo: Shin Ya Dace Makaɗan Rok Su Kaɗa Kundi Ɗungurungum?

A shekarar 2017 makaɗan U2, 'yan ƙasar Ayalan, suka fita rangadi a Amurka da Turai. Abin da suka tallata tsohon kaya ne: kundinsu na 1987 mai suna The Joshua Tree, waƙoƙi goma sha ɗaya, suna jero su a kowane dare daga ta farko har ta ƙarshe, yadda suke a faifai. Filayen ƙwallo suka cika maƙil. Wannan ɗabi'a ta kama tsofaffin makaɗan rok, kuma masoyan kiɗan sun rabu biyu a kanta. Wasu na ganin karramawa ce ga aikin da ya cancanta, wasu na cewa alama ce ta rijiya ta ƙafe.

Sai an fahimci matsayin kundi a wajensu kafin a gane gardamar. Mu nan waƙa guda muke riƙewa. A ce Bakandamiyar Shata, kowa ya gane, ba wanda zai tambayi faifan da ta fito a ciki. Su kuwa tun tsakiyar shekarun 1960 kundi ne ma'aunin gwaninta. Faifan garmaho fuska biyu gare shi, kowace tana ɗaukar minti ashirin da ɗoriya, saboda haka makaɗa kan zauna su tsara waƙar da za ta buɗe fuska, da wadda za ta rufe ta kafin mai sauraro ya tashi ya juya faifai. Matashin da ya tara kuɗinsa ya saya, yakan saurare shi har jerin ya zauna masa a ka. Waƙa na ƙarewa, kunnensa ya riga ya fara jin mai bi mata.

Kaɗa kundi gaba ɗaya a dandamali ba baƙon abu ba ne. The Who sun yi kusan haka da Tommy a 1969. Pink Floyd ma sun yi ta kaɗa The Dark Side of the Moon a 1972, tun kafin faifan ya fito kasuwa a 1973. Amma a lokacin sabon aiki suke gwadawa a gaban jama'a. Komawa ga tsoho ya yi ƙarfi ne daga shekarar 2000, lokacin da Brian Wilson na The Beach Boys ya zagaya da Pet Sounds na 1966. A 2005 aka fara wasu jerin wasanni a Landan masu suna Don't Look Back, inda ake gayyato makaɗa musamman don su kaɗa tsohon kundi guda. Daga nan kowa ya ɗauka.

A faɗi gaskiya, kuɗi ne kan gaba. Bayan da manhajar Napster ta bayyana a 1999 mutane suka koyi sauke waƙa a intanet kyauta, cinikin faifan CD ya faɗi warwas, kuma abin da manhajojin sauraro ke biya a yau ɗan ƙalilan ne a kan kowace saurarawa. Sai tikitin shiga kallo ya zama shi ne gonar makaɗi. To, ƙungiyar da ta shekara talatin tana zuwa gari guda, me za ta ce wa mutane don su sake fitowa? "Kundi kaza ya cika shekara talatin" magana ce mai sayar da tikiti. Samarin da suka sayi faifan a da yanzu magidanta ne masu abin hannu, kuma suna iya biyan tsada don su ji ƙuruciyarsu ta dawo na sa'a biyu. Ban ga laifin neman halali ba. Tambayar ita ce ko mai saye yana samun abin da ya biya.

Wani lokaci yana samu, har da gyara. A cikin The Joshua Tree akwai wata waƙa, Red Hill Mining Town, wadda ta taɓo yajin aikin masu haƙar kwal na Birtaniya na 1984 zuwa 1985. Shekara talatin U2 ba su taɓa kaɗa ta a gaban jama'a ba sai a rangadin 2017. Kowane kundi yana da irin waɗannan 'ya'yan bora, waƙoƙin da rediyo bai ɗauka ba, waɗanda masoyi na haƙiƙa ya fi ƙauna amma ya fid da ran jin su a dandamali. Alkawarin kaɗa kundi duka shi ke tilasta wa makaɗa su koma su sake koyon su.

Akwai kuma kundin da tun asali labari guda ne, yanka shi ɓata shi ne. The Wall na Pink Floyd, wanda ya fito a 1979, labarin mutum ne da ke killace kansa daga jama'a. A wasanninsa na 1980 da 1981, ana kiɗa ma'aikata na jera manyan tubalan kwali a bakin dandamali, ɗaya bayan ɗaya, har katanga ta rufe makaɗan ruf, 'yan kallo na jin sauti ba sa ganin kowa, sai a ƙarshe a rushe ta. Saboda tsada da wahalar aikin, sau 31 kacal aka yi shi, a garuruwa huɗu. Da Roger Waters, tsohon ɗan ƙungiyar, ya farfaɗo da shi daga 2010 zuwa 2013, ya yi wasa fiye da 200 a nahiyoyi daban-daban. Wanda ya je wannan kallo ba a sayar masa da ɗumame ba. Abin da yawancin duniya ba ta taɓa gani ba ne. Haka Smile, kundin da Brian Wilson ya watsar a 1967 bai ƙarasa ba, sai a Fabrairun 2004 jama'a suka fara jin sa cikakke, a zauren Royal Festival Hall na Landan.

Matsalar ita ce irin waɗannan ba su da yawa. Yawancin kundaye tarin waƙoƙi ne da aka jera don faifai ya sayu, kuma tsarin faifai daban yake da tsarin dandamali. A faifai, zafafan waƙoƙi ake sawa a gaba don a kama kunnen mai saye. A dandamali kuwa ajiye su ake yi sai ƙarshe, jama'a su watse da zafinsu. The Joshua Tree ya buɗe da manyan waƙoƙinsa uku a jere, saboda haka kafin a yi nisa an cinye naman, saura romo. Metallica sun gane wannan. A 2012, da suka zagaya Turai da baƙin kundinsu na 1991, sai suka kaɗa shi a juye, daga ta ƙarshe zuwa ta farko, don Enter Sandman, wadda ita ce ta farko a faifan, ta zo a inda taro ke jiran ta. Dabara ce mai kyau, amma ta tona asirin cewa jerin da ake cewa ba a taɓa shi, ana taɓa shi in ta kama. Bruce Springsteen ya fara rangadin 2016 yana kaɗa waƙoƙi ashirin na The River kowane dare. Da ya tsallaka Turai sai ya daina jero su duka a yawancin wasannin. Mutum ne da aka sani da sauya jerin waƙoƙinsa yadda dare ya zo masa, har yakan karɓi roƙo daga kwalayen da 'yan kallo ke ɗagawa. Kundin ya ɗaure masa hannu.

Wannan ita ce babbar asara a ganina. Daɗin kallon makaɗi ido da ido shi ne rashin sanin abin da zai biyo baya. In ka san jerin tun daga gida, har ka san waƙar da za ka fita sayen ruwa a kanta, an rage maka wani abu.

Ga kuma shekaru. Muryar ɗan ashirin da biyar ba ita ce ta ɗan sittin ba, shi ya sa ake sassauto da karin wasu waƙoƙin don makogwaro ya kai. Wasu ma mutuwa ta yi musu giɓi. Da The Who suka fita da Quadrophenia a 2012, biyu ne suka rage cikin huɗun da suka yi shi a 1973: mai ganga Keith Moon ya mutu a 1978, John Entwistle a 2002. Sai aka riƙa haska tsofaffin hotunansu a babban majigi, ana haɗa sautinsu da na masu rai. Wasu abin ya taɓa musu zuciya, amma ba a ce ƙungiyar da ta yi kundin ce ke tsaye a wurin ba.

Wani abin lura ya faru a 2006. Iron Maiden suka kaɗa sabon kundinsu, A Matter of Life and Death, daga farko har ƙarshe, sai ga wasu masoya suna gunaguni, su tsofaffin waƙoƙi suka zo ji. Ashe ba cikar kundi ake so ba, tuna baya ake so. Makaɗin da ya biye wa wannan buƙata kullum, sannu a hankali zai zama mai kwaikwayon kansa.

Hukuncina shi ne: kundin da aka gina shi labari guda, ko wanda ke ɗauke da waƙoƙin da ba a taɓa ji a dandamali ba, ya cancanci a zagaya da shi sau ɗaya, a yi shi da kyau, sannan a koma bakin sabon aiki. Ƙungiyar da kowace shekara biyu take tono wani kundin da ya "cika shekara", ba tare da sabuwar waƙa ko ɗaya ba, ta yi ritaya ne ba ta sanar ba, kuma mai tikiti yana da damar riƙe kuɗinsa.