Farfesa Charles Wambebe: Masanin da ya kai masoro da karan dafi ɗakin gwaji

Duk wanda ya ratsa kasuwar IBB da ke Suleja zai ga masoro da kanumfari da karan dafi a gaban masu kayan yaji. Sai dai kaɗan ne daga cikin ma'aikatan da ke sammako daga wannan gari zuwa ofisoshin Abuja suka san cewa da waɗannan kayayyaki aka samar da maganin amosanin jini, wato sikila, a wata cibiyar gwamnatin tarayya da ke Idu. Jagoran aikin shi ne marigayi Farfesa Charles Wambebe.

An haifi Wambebe a 1946 a yankin da yanzu yake cikin Jihar Kogi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi digirinsa na uku a fannin ilimin magunguna, a nan kuma ya koyar har ya zama farfesa. Daga baya ya shugabanci Cibiyar Binciken Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, har zuwa 2006.

A wancan zamani masu ilimin boko da yawa kallon hadarin kaji suke yi wa masu maganin gargajiya. Shi kuwa Wambebe ya saurari wani limamin coci daga Jihar Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, wanda ke ba masu sikila wani haɗi na tsirrai. Bai ƙaryata shi ba, bai kuma gaskata shi ido rufe ba. Cibiyar ta ƙulla yarjejeniya da shi, sannan ta auna haɗin a ɗakin gwaji, ta jarraba shi a kan marasa lafiya bisa ƙa'idar kimiyya.

Sakamakon shi ne Niprisan, mai ɗauke da tsirrai huɗu: masoro, kanumfari, karan dafi da wani nau'in majigi. A 1998 aka yi masa rajistar mallakar fasaha a Amurka, da sunan Ogunyale cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi. Binciken da aka wallafa a 2001 ya nuna yana rage yawan tashin ciwon, ko da yake ba ya warkar da shi. Awon da masana suka yi ne ya mai da shi magani, saboda haka ba abin haɗawa a gida ba ne.

A 2006 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan. Ba a jima ba kamfanin Xechem na Amurka da aka ba lasisin sarrafa shi ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kantuna, iyaye suka koma neman sa ruwa a jallo. Sai a 2018 cibiyar ta sake ƙulla yarjejeniya da kamfanin May & Baker.

Wambebe ya rasu a 2022. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara, tarihinsa ya shafi duk mai riƙe da fayil a ma'aikata. Masani ya sauke nasa nauyin a ɗakin gwaji. Isar maganin hannun uwar da ɗanta ke kwance a Babban Asibitin Suleja kuwa ta rataya ne a kan lasisi da kasafi da sa ido, waɗanda duk a kan teburin ma'aikaci suke.