Tsara Rubutu da Fitar da Shi a Harshen C

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba inda lokaci yake salwanta sa'ad da manhaja take fitar da rubutu. Mun zaɓi harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs wajen shekarar 1972, domin da shi aka gina Unix da Linux.

A wannan harshe jerin haruffa ba ya ɗauke da bayanin tsawonsa. Sifiri ake ajiyewa a ƙarshensa, sai an bi haruffan ɗaya bayan ɗaya an iske shi kafin a san inda ya tsaya. To, a nan gizo yake saƙa. Duk lokacin da aka kira strcat don a ƙara gutsure, sai ta koma farkon jerin ta fara neman sifirin. In muka haɗa gutsattsari 1000, kowanne bayit 10, za ta ratsa bayit kusan miliyan 5 don rubutun da bai wuce bayit 10,000 ba. Maganin kuwa mai sauƙi ne, wato mai tsara manhaja ya riƙe wurin da ya tsaya, ya ci gaba da rubutu daga nan.

Fitarwa ita ma da tsadarta, domin kowace roƙo da aka kai wa uwar manhaja da write lokaci yake ci. Shi ya sa printf take tara haruffa a rumbun jira tukuna. Alal misali, bayit miliyan 1 in aka aika ɗai-ɗai roƙo miliyan 1 ke nan, amma da rumbu mai cin 4096 sau 245 ya wadatar. In allo ake rubuta wa, akan juye rumbun a ƙarshen kowane layi. In fayil ne, sai ya cika.

Sauri ba ya amfani in an zuba fiye da abin da mazubi zai ɗauka. Umarnin sprintf ba ya tambayar girman wuri, saboda haka muka fi son snprintf, wadda ta shiga ƙa'idar C a 1999.

Sai dai mu masu rubutun Hausa muna da ƙarin matsala, wadda a ganinmu ba a cika kula da ita ba. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 ne. Kalmar ɗanɗano haruffa 7 ce, amma bayit 9. Ita kuwa %10s bayit take ƙirgawa, don haka ginshiƙan jadawali sai su karkace a duk layin da yake da harafi mai lanƙwasa. Har ila yau snprintf tana iya datse rubutu a tsakiyar ƙ, ta bar rabin harafin da ba ya karantuwa. Kafin a datse, wajibi ne a ja da baya muddin bayit ɗin wurin ya fara da 10 a lissafin biyu-biyu, domin wannan ita ce alamar cikon harafi.